Kajin Tsakar Gida: Yadda Uwargida Za Ta Riƙa Samun Ƙwai Ba Tare Da Ta Je Kanti Ba

Uwargida, in kin aiki yaro kanti ya sayo miki ƙwai a 'yan kwanakin nan, ba sai an gaya miki inda kuɗinsa ya kai ba. Abin da a da ake soya wa yara da safe ba tare da an yi lissafi ba, yanzu a gidaje da yawa sai an yi baƙo ko wani ya kwanta rashin lafiya ake ganinsa. Abin mamaki kuma, a cikin gidajen nan akwai waɗanda kaji biyar ko shida ke yawo a tsakar gidansu, suna tone-tone tun safe har magariba, amma sai a yi wata guda ba a fasa ƙwai ɗaya daga cikinsu ba.

Kiwon kaji ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mun taso mun ga iyayenmu da kakanninmu da akurki a bayan ɗaki. Wani rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta kajin Nijeriya a kan miliyan 180, kuma kusan miliyan 80 daga ciki irin waɗannan ne da ake saki suna kiwo da kansu. Matsalar ita ce yawancinmu mun ɗauki sakin kaza da ma'anar a manta da ita, sai ranar da aka yi baƙo a bi ta da gudu. Kazar da aka saki tana iya nema wa kanta rabin abincinta, amma akwai abubuwa kaɗan da ba za ta iya yi wa kanta ba. In kin ɗauke mata su, za ta biya ki da ƙwai.

Me ya sa ƙwanta ba ya da yawa?

Kazar Hausa takan fara saka ƙwai tana da wata 6 zuwa 7. Takan yi kamar 10 zuwa 15 a jere cikin mako biyu ko uku, sannan ta hau kwanci. Kwanci kwana 21 ne. In ta ƙyanƙyashe, sai ta yi kusan wata biyu tana yawo da 'yan tsaki, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta saka ko ɗaya. In kika haɗa lissafin za ki ga zagaye ɗaya yana cin wata uku zuwa huɗu, wato sau uku ke nan a shekara, ko huɗu in an yi sa'a. Shi ya sa ƙwan da take yi a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Daga cikin 'yan tsakin da ta ɓata wannan lokaci a kansu kuma, sau da yawa rabi ko fiye shirwa da sanyi da cuta ne ke kwashe su.

Dabarar ita ce ki raba wa kajinki aiki. In kina da goma, ki zaɓi biyu waɗanda kika san sun iya kwanci da riƙon 'ya'ya, su zama iyaye. Sauran takwas ɗin aikinsu ƙwai. Su waɗannan kullum ki kwashe abin da suka saka, ki bar ɗaya kawai a gurbi wanda kika yi wa alama da gawayi, don kada kazar ta canza wuri ta koma saka wa a ƙarƙashin rumbu ko gidan maƙwabta. Muddin ba ta ga ƙwai ya taru a ƙarƙashinta ba, takan daɗe tana sakawa kafin kwanci ya kama ta. In kuma ya kama ta, za ki ga ta lafe a gurbi tana hura gashi tana saran hannu. Sai ki ɗauke ta ki kife ta da kwando mai shan iska a inuwa, inda babu gurbi, da ruwa da abinci, kwana uku ko huɗu. Zafin kwancin zai sauka, bayan ɗan lokaci ta koma sakawa. Da wannan da kuma ƙarin abinci, kaza ɗaya na iya kusan ninka abin da take ba ki a shekara.

Wani abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Aikin zakara shi ne ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Sauran zakarun da ke cika tsakar gida suna faɗa suna cinye tsaba, ki sayar da su gab da salla lokacin da suke daraja, ko a yanka wa iyali.

Wace kaza za ki fara da ita?

Ki fara da kaɗan, kamar sagara huɗu ko biyar da zakara ɗaya. Ya fi kyau ki saya a hannun wadda kika sani, kika kuma ga kajinta lafiya lau, domin a kasuwa ne mutane ke kai kajin da suka ga sun fara sanyin jiki don su rabu da su. Ki duba idonta ya zama garau, zankonta ja, gashinta a kwance luf, kuma babu kashi manne a bayanta. Duk kazar da ta shigo gidanki sabuwa, ko saye ko kyauta ce daga ƙauye, ki ware ta mako biyu kafin ki haɗa ta da naki.

Ban da kazar Hausa, akwai waɗanda aka inganta. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar da kaza mai ƙwai da ake kira ShikaBrown, wadda ta dace da zafin ƙasarmu, sai dai tana son abincin kamfani da kulawa irin ta gidan gona. Akwai kuma Noiler da ta yaɗu a garuruwanmu, wadda ke iya kiwo a tsakar gida, tana da girma, ƙwanta kuma ya fi na kazar Hausa yawa nesa ba kusa ba. Amma cinta ya fi yawa, ba ta cika yin kwanci ba, kuma nauyin jikinta ba ya barinta ta tsere wa abin da ya biyo ta. Mata da dama sukan haɗa biyun: Noiler ta saka, kazar Hausa ta kwanta a kai. Haka ma ake yi da ƙwan zabi da damina, a sa wa kaza, sai dai shi yana kai kwana 26 zuwa 28 kafin ya fashe.

Akurki

Kazar da ke kwana a kan bishiya ko katanga, ta muzuru ce da ɓarawo. Wadda ke kwana a madafa ko ƙarƙashin gado kuma, cuta take kawo wa 'ya'yanki. Ki roƙi maigida ya ware miki kusurwa ɗaya a bayan gida, nesa da inda ake girki, a yi akurki. In gidan haya kuke, sai a fara jin ta bakin mai gida da sauran 'yan haya.

Akurkin laka irin na da yana da sanyi da rana, amma ƙaramar ƙofarsa ba ta barin a share ciki, a nan ƙwarƙwata da kaska ke ɓuya cikin tsagar bango. Ko na laka za ki yi ko na katako da waya, ki tabbata ƙofar ta isa ki sa tsintsiya har lungu, akwai kafofin shan iska a sama da aka rufe da waya, rufin kuma ba ya yoyo. Ki gitta sanda a ciki, domin kaza ta fi son kwana a sama, ki ba kowace wurin da ya kai kamar taƙi ɗaya. Ki shimfiɗa buntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, kina sharewa duk mako kina barbaɗa toka. Kashin da kika share kada ki zubar. Ki tara shi a rami ya ruɓe, taki ne mai ƙarfi ga zogale da alayyahun bayan ɗaki, amma ɗanyensa yana ƙona shuka.

Gurbin saka ƙwai kuwa tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya ya isa, a sa busasshiyar ciyawa, a ajiye a lungu mai ɗan duhu. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar. Da yake yawancin kaji da safe suke sakawa, in kika bar su a killace har hantsi ya ɗaga, ƙwan zai zauna a gida. Ki kuma bar musu wuri mai busasshen rairayi gauraye da toka su riƙa birgima, wannan shi ne wankansu, yana kuma rage musu ƙwari.

Abinci da ruwa

Da damina da kaka kaza na samun ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki da zubabben hatsi. Da rani kuwa tsakar gida ba ta da komai sai ƙura, kuma a lokacin ne za ki ga ƙwai ya ɗauke. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar kaza fiye da awa 24 kafin ta haɗa shi a cikinta, kuma daga abin da ta ci take haɗa shi. Saboda haka ki ba kowace kaza kamar cikin tafin hannu na tsaba ko tsaki ko dusa da safe, ki ƙara wani da yamma. Na yamman ki riƙa zuba shi a bakin akurki, za su saba su riƙa dawowa da kansu, ke kuma ki samu damar ƙirga su.

Dusa kaɗai tana cika ciki ne, ba ta yin ƙwai. Ki riƙa haɗa mata da abin gina jiki: tunkuzar gyaɗa da ba a sa wa gishiri ba, dusar awara, kan kifi da aka daka, ko waken suya. Shi waken suya dole a soya shi ko a dafa tukuna, ɗanye yana hana kaza narkar da abinci. Ganyen zogale da sauran ganyen da kika tsince na miya suna sa gwaiduwa ta yi ja. Gara ma abinci ce mai kyau, musamman ga 'yan tsaki. A ƙauyuka akan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma, da safe a ɗauko a juye wa kaji. Sai dai a yi wannan a gona ko bayan gari, kada ki jawo wa ɗakinki gara.

Ɓawon ƙwai kusan duk sinadarin kalsiyam ne, irin wanda ke cikin ƙashi. In kin ga ƙwai na fitowa da laushin ɓawo, ko kaji sun fara fasa nasu suna sha, shi suka rasa. Ki tara ɓawon ƙwan da kika yi amfani da shi, ki gasa a kasko, ki daka ya yi laushi yadda ba za su gane shi ba, ki sa a wani ɗan kwano dabam. Ƙashin da aka ƙona aka daka ma yana yi. Abu biyu ki kiyaye: hatsin da ya yi fumfuna, da sauran abinci mai gishiri sosai. Duka biyun suna kashe kaza.

Ruwa kuma ya fi komai sauƙi, shi ne kuma aka fi mantawa. Kaza takan sha kusan rubu'in lita a rana, da bazara ta wuce haka. In ta yini babu ruwa, ƙwai na iya tsayawa na kwanaki. Wadda ba a ajiye wa ba kuma, kwata za ta je ta sha. Ki ajiye kasko a inuwa, ki wanke shi kullum, ki sa 'yan duwatsu a ciki don kada 'yan tsaki su nutse. In ƙadangare ya zo ya sha, albarkacin kaza ne, kamar yadda masu iya magana suka ce.

Annobar hunturu

Nan ne yawancin mata ke karaya su bar kiwo. Sai sanyi ya shigo, kaza ɗaya ta tsaya tana gyangyaɗi, fukafukai sun sauka kamar ta yafa zane, tana zawo kore, tana numfashi da baki a buɗe, wata ma wuyanta ya murɗe. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam, haka ma na maƙwabta. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kuma ita ce babbar mai kashe kajin gida a ƙasar nan. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwa ba ya taɓa ta. Barkono da ɓawon maɗaci da muka gada ma ba sa tsayar da ita in ta shigo.

Amma tana da rigakafi, kuma mai araha. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin irin wanda ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, don haka ya dace da kajin gida. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da ƙarami, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Akwai kuma LaSota da ake samu a shagunan maganin dabbobi. Ki tabbata ɗaya daga cikin zagayen ya faɗo kafin hunturu, wajen watan Oktoba. Lafiyayyun kaji ake yi wa, domin in cuta ta riga ta shiga, an makara. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta ba ta ajiyuwa, saboda haka ku haɗa kai da matan unguwa ko 'yan adashinku, ku kira malamin dabbobi rana ɗaya ya bi gida-gida. Kuɗin da zai faɗo kanki bai kai na kaza ɗaya ba.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, ta sake ɓarkewa a 2015 da 2021. Ita tana iya kama mutum. In kin ga kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kansu ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, to kada ki yi saurin cewa a kawo wuƙa kafin ta mutu. Kada a yanka, kada a fige, kada a sayar, kada yara su taɓa. A sa leda a hannu a binne a rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Haka nan duk lokacin da aka ba kaza maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwanta, domin maganin yana bi ta cikin ƙwai.

'Yan tsaki

Kazar da kika zaɓa don kwanci, ki sa mata ƙwai 10 zuwa 12, waɗanda ba su wuce mako guda da sakawa ba, masu tsafta, marasa tsaga. Bayan kwana goma ki haska su da tocila cikin duhu. Wanda kika ga jijiyoyi da duhu a ciki yana da rai, wanda haske ya ratsa fes kuwa ki cire shi kafin ya zama baragurbi. In sun fito, kada ki bar uwar ta ja su cikin raɓa da kwata. Ki kife su tare da ita a babban kwando ko kejin waya na mako huɗu zuwa shida, kina matsar da shi wuri mai tsafta kullum, kina ba su tsaki mai laushi da gara da ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya raba su da shirwa da shaho da hankaka.

Tsafta da zaman lafiya da maƙwabta

Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa, kuma kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa. Ki share tsakar gida safe da yamma, ki shimfiɗa wa jariri tabarma a inda kaji ba sa zuwa, ki rufe kwanuka da randa. Duk wanda ya taɓa kaza ko ya ɗebo ƙwai ya wanke hannu da sabulu. Sannan ki tuna cewa kazar da ta haura katanga ta barbaje wa maƙwabciya shanyar gero ko ta tone mata shuka, ta isa ta ɓata zumuncin shekaru. Ki rage mata dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ba ya mata ciwo, ba za ta iya haurawa ba sai gashin ya sake fitowa.

Ƙwan da kika ɗebo kada ki wanke shi in ba amfani za ki yi da shi a lokacin ba, domin akwai wani ɗan lulluɓi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Ki goge datti da busasshen tsumma, ki ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar cikin tukunyar ƙasa kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa. In kina shakka, ki sa shi a kwanon ruwa: sabo yakan kwanta a ƙasa, wanda ya taso sama ya lalace.

Ƙwan na wane ne?

Uwargida, in ƙwai ya fara taruwa, mai shayi zai aiko, maƙwabta ma za su aiko, domin ƙwan kazar Hausa yana da masu nemansa. Ki sayar, ki sayi dusa da rigakafi daga ciki, ki jefa saura a asusu. Amma kafin ki sayar, ki fara cire na gida. Har yanzu a wasu gidaje ana cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata, ko mai ciki kada ta ci. Wannan camfi ne kawai, ba shi da tushe. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jiki da mai ƙaramin ƙarfi zai iya samu, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce daga wata 6, lokacin da aka fara ba jariri abinci tare da nono, a riƙa ba shi ƙwai ko kifi ko nama kullum. Ki dafa shi ya dahu sosai har gwaiduwa ta daskare, ki murmushe masa a kunu ko fate. Mai ciki da mai shayarwa da tsohuwar da haƙori ya ƙare mata duk suna da rabo.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ki fara da 'yan kaɗan ɗin da kike da su yanzu: ki gyara musu wurin kwana a wannan mako, ki ajiye kaskon ruwa, ki yi wa matan unguwa maganar rigakafi kafin sanyi ya shigo. Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.